Kwandon tumatir ɗaya da abinda Inna ta yi da shi

Yau da safe na tsinko tafasa cikin kwano a bayan ɗakin girkina, a cikin gidana fa, ba a daji ba, shine nace bari dai in zauna in rubuta yadda akai ta zo nan, dan labarin ya faro ne tun watan Maris daga wani kwandon tumatir da ya kusa sani kuka.

Duk wanda ke Kano ya san yadda tumatir ke arha daga Janairu zuwa Maris, lokacin da na rani ke fitowa daga su Kadawa da Kura, motoci na lodi a Kwanar Gafan ana tafiya da shi har Legas. Toh a lokacin ne maigidan ya biya 'Yan Kaba ya ɗauko mana babban kwando guda, ga tattasai da attaruhu, da niyyar in markaɗa in zuba a firiza mu huta har damina. Na markaɗa rabi na zuba, washegari wuta ta ɗauke, kuma ba irin ɗaukewar nan ta awa biyar ko shida ba, kwana tara cur bamu ga ƙyallinta ba, ga zafin Maris ya fara kankama. Markaɗen ya kumbura ya yi tsami, na kwandon kuma na ƙasa ya fara ruwa saboda nauyin na sama ya danne shi, ƙananan ƙudajen nan sun cika tsakar gida. Wallahi raina ya ɓaci sosai, kuɗi ne masu yawa a wajenmu.

Allah da ikonsa a satin Inna, mahaifiyar maigidan, ta zo daga ƙauye ganin likitan ido. Ta fito alwala ta ganni ina juye ruɓaɓɓen a leda zan ba almajirinmu ya kai bola, sai tace "ke 'yar nan ina za'a kai wannan?" nace Inna ai ya lalace, bola za'a kai. Tace in ajiye, in ɗauko mata tabarma da faranti uku da wuƙa.

Zama tayi ta dinga ɗaukar tumatirin ɗaya bayan ɗaya tana latsawa da babban yatsa, bata ma kallonsa sosai tunda idon ba lafiya, hannunta ne ke gani. Mai tauri wanda bai gama nuna ba faranti ɗaya, wanda ya yi laushi amma bai fashe ba faranti na biyu, wanda ya ruɓe na uku. Kashi ukun nan kowanne da inda ya tafi, kuma ko guda bai fita daga gidan ba.

Mai laushin kauɗa muka yi da shi. Kowanne a raba biyu, babba a raba huɗu, a jera cikinsa na kallon sama, a ɗan barbaɗa gishiri. Abinda Inna ta dage a kai shine kar a shanya a ƙasa, dan kauɗar da ake shanyawa a bakin titi ita ce zaka ji ƙasa na ƙaras ƙaras a miya komai wankinka. A kan rufin kwano muka shimfiɗa wankakken buhu, muka rufa tsohon gidan sauro saboda ƙuda, da yamma a kwashe. Kwana biyar zuwa shida ya bushe ƙayau, in ka lanƙwasa ya karye. In yana lanƙwasuwa kamar fata toh da saura, kuma in ka ɗaure shi a haka fumfuna zai yi. Abin mamaki duk mai laushin nan ya dawo bai cika bokitin fenti ƙarami ba. Yanzu da muke Yuli ana sayar da tumatir 'yan ƙwaya huɗu kamar zinare, ita nake jiƙawa da ruwan ɗumi in haɗa da albasa da tattasai in markaɗa. Duk wanda ya ga 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta ɓaci a kai, ya san darajar kauɗa, a shekarar har masu cewa su basa cin miyar kauɗa sun ci.

Mai taurin kuma randa ya shiga. Inna tasa aka siyo tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, aka zuba yashi a gindin babbar aka zaunar da ƙaramar a ciki, aka cike tsakaninsu da yashi har wuya, aka jiƙa yashin sharkaf, aka zuba tumatir da tattasai da yalo a ƙaramar, aka rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara. A inuwa inda iska ke wucewa, kuma safe da yamma a ƙara ma yashin ruwa. Da na zura hannu washegari da azahar sanyin da naji sai da nayi salati. Hikimar ɗaya ce da ta randar ruwan sha, ruwa na tsattsafowa ta jikin tukunyar waje, iska na busar da shi, yana tafiya da zafin ciki. Shiyasa tukunyar dole ta zama ta ƙasa zalla wadda ba'a shafe ta da fenti ko siminti ba.

Ni na san labarin wannan tukunya cikin tukunya a karatu, Inna kuma a aikace ta santa. Wani malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, marigayi Mohammed Bah Abba, ɗan gidan magina tukwane, ya inganta ta a shekarun 1990 ya dinga sa magina suna yi yana rabawa a ƙauyuka da kuɗin aljihunsa, har kamfanin Rolex ya bashi lambar yabo a 2000. A gwajinsa yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka yi sati uku. Abinda yafi taɓa ni a labarinsa ma ba sanyin bane, dalilinsa ne, yaga yara mata ake ɗora ma tallan kayan gwari kullum dan kar su kwana su lalace, in kayan zasu iya jira toh yarinya zata iya zuwa makaranta. Namu tumatirin ya yi kwana goma sha shida muna ɗiba kafin ya ƙare. Amma in faɗi gaskiya yanzu da damina ta sauka sanyinta ya ragu sosai, iska ta riga ta jiƙe bata shan ruwan, da rani da hunturu ne take aikinta. Albasa kam bata shiga ciki ko kusa, ita bushewa take so, a baje ta inda iska ke ratsawa, ba a leda ba.

Sai faranti na uku, wanda shi ne asalin abinda nake son faɗa.

Inna ta zagaya bayan ɗakin girki ta nuna wani lungu inda muke jibge tsofaffin bulo, tace a haƙa rami nan, zurfinsa zuwa gwiwa. Almajirinmu ya haƙa, ƙasar ma duk ɓaraguzan siminti ce irin ta sabbin unguwanni. Aka fara zuba busasshen ganyen darbejiyar ƙofar gida wanda da ƙonawa muke, sai ruɓaɓɓen tumatirin da markaɗen da ya yi tsami, sai toka 'yar kaɗan daga murhu, sai wani ganyen, aka yayyafa ruwa aka rufe da ƙasa. Da zata koma tace zata aiko da kashin awaki, kuma ta aiko, rabin buhu a motar kasuwa. Daga ranar na ajiye tsohon bokiti a gefen murhu, ɓawon albasa, ɓawon dankali da doya, kan tattasai, ɓawon ƙwai a murmushe, ganyen shayi, ɓawon gyaɗa, duk ciki. Ruwan wankin shinkafa shi nake zubawa a ramin, banda ruwan omo. Nama da ƙashi da mai basa shiga saboda ɓeraye.

Sati na uku ya fara wari, irin warin kwata, na kira Inna a waya nace kun ga abin nan fa ya dame mu. Tace ruwa ya yi yawa kuma ɗanyen ya rinjayi busasshen, in ƙara ganye da karmami in juya shi ya sha iska, sannan in damƙi ɗan kaɗan a hannu, in ya dunƙule bai ɗiga ba toh daidai ne. Haka nayi, kwana biyu warin ya tafi. Bayan nan in na tura shebur tsakiyarsa har tururi yake da sassafe, ɗumi kamar an dafa. Duk sati biyu nake juyawa, kajina biyu na tsaye suna jiran gwazarma. Zuwa tsakiyar Yuni ya zama baƙi wuluk mai laushi, ƙamshinsa sak na ƙasa in ruwan farko ya sauka, ba zaka ce ga tumatir ga albasa ba.

Abinda bai ruɓe ba ɗaya ne, leda. Duk da kulawar da nake sai da na tsinto ledar magi da ta ruwa da guntun ledar biskit, suna nan yadda suka shiga. Nan na gane abinda Inna ke faɗa, tace da can manoman kewayen birni da jakuna suke shigowa Kano da rani, su kawo itace da kara su koma da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi, jujin birni shi ne takin gona, har roƙonsa ake ana saye. Yanzu in ka zuba jujin birni a gona sai ka shekara kana tsintar leda, akuya ta haɗiya ta kumbura ta mutu. Ga buhun takin zamani ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Wannan abin yana min ciwo gaskiya, dan sharar gidajenmu mafi yawanta abinda zai ruɓe ne, mu ne ke ƙulle ta a leda mu hana ta komawa ƙasa, sannan ta je ta toshe kwata ruwa ya shigo mana gida a Agusta.

Na kwashe takin na cika tsofaffin buhunan siminti guda takwas haɗe da ƙasa, na shuka alayyafo da rama da kuɓewa, sauran na baje a lungun. Ruwa na sauka sau biyu sai ga abubuwan da ban shuka ba suna fitowa. Tumatir ya fi ashirin, daga 'ya'yan ruɓaɓɓen nan. Sai lalo, sai gasaya guda biyu, sai tafasa birjik, inaga a cikin buhun kashin awakin 'ya'yansu suka biyo daga ƙauye.

Autata ce ta fara tambaya wai wace ciyawa ce wannan, shekararta tara bata taɓa ganin tafasa a tsaye ba sai a kwano. Ni kuwa a shekarunta da damina in mun je wajen kakata da kwarya ake tura mu bayan gari, tafasa, yaɗiya, zaƙi banza, karkashi, kuma a hanya muna tsintar abinda ya samu, da rani magarya da kurna da aduwa da kanya. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana, bin manya muke muna gani. Shine na durƙusar da ita na nuna mata, tafasa ganyenta shida ne a reshe, bibbiyu suna kallon juna, bakinsu a zagaye, da yamma kuma suna rufewa kamar masu barci. Rai ɗore na kama da ita amma nashi ganyen mai tsini ne kuma ya fi yawa, ga wari, shi ba'a kwaɗonsa. Na gaya mata zaƙami da tumfafiya ko da wasa kar ta kai baki, kuma duk ganyen da bata sani ba ta tambaya tukunna. Wani abin da ya ƙaru yanzu wanda da babu shine feshi, gefen gona da bakin hanya duk ana fesa maganin ciyawa, Inna tace a garinsu mata sun daina tsinka a gonar da basu san mai ita ba, tafasar ma ta ja baya sai an yi nisa.

Wasu suna raina ganyen nan suna cewa abincin yunwa ne, kuma eh ya ceci rayuka, a 2005 da aka yi ƙarancin abinci a Nijar mutanen karkarar Maraɗi da Damagaram da ganye da 'ya'yan anza suka rayu, anzar da sai an jiƙa ta kwanaki ana canza ruwa kafin ɗacinta ya fita. Amma tafasa ba sai da yunwa ba. A Darfur da Chadi har rufe ganyenta suke a tukunya cikin ƙasa ya ruɓa su busar, suna ce masa kawal, suna sawa a miya yadda muke sa daddawa.

Tawa dai saman nan mai taushi na tsinka, tun bata yi fure ba, dan in ta tsufa tauri take da ɗaci. Na dafa da 'yar kanwa na zubar da ruwan farko, na matse, na daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri da magi ɗaya, albasa ɗanya, ɗan man gyaɗa. Yaran suka zagaye kwano har babban da ke cewa shi baya cin ganye. Na ɗiba a ƙaramin kwano na aika ma maƙociyata, sai gata da kanta tana tambaya a ina na samu tafasa, na kaita bayan ɗakin girki na nuna mata. Ta ce gobe zata fara turo min ɓawon kayan miyarta, dama ramin na biyu na buƙatar ciko, na bar tafasa guda biyar a jikin katanga su yi 'ya'ya saboda baɗi.