Asabar: thepla mai tafarnuwa

Yau thepla na yi da rana, burodin nan mai faɗi marar yis na mutanen jihar Gujarat da ke yammacin Indiya. An fi saninta da ɗanyen ganyen hulba, amma ta tafarnuwa ce ta yau. Ba kowane gida a can ke cin wannan ba: mabiya addinin Jain, waɗanda suke da yawa a Gujarat, ba sa taɓa tafarnuwa da albasa.

Garin alkama kofi 2 na auna, wajen giram 250, wanda aka niƙa da dusarsa. Nasu garin, atta, niƙansa na da laushi ƙwarai, saboda haka na injin unguwa sai an tankaɗe shi da rariya mai ƙananan ido, in ba haka ba gefen theplar ya yi ta tsagewa wajen murzawa. Na zuba kurkur rabin ƙaramin cokali, garin barkono ƙaramin cokali 1, riɗi babban cokali 1, gishiri ƙaramin cokali 1 kuma na ajiye shi don dakan tafarnuwa. A Gujarat sukan ƙara ajwain, wasu ƙananan ƙwayoyin kayan ƙamshi, da ɗan besan, wato garin wani irin wake da ake kira chickpea. Na bar su, ba abin da ya ragu sosai.

Tafarnuwar ita ce aikin. Sala 8 zuwa 10, a ɓare, a daka a turmi tare da gishirin da ɗan yankin citta da ɗanyen barkono guda 1, har ta zama kamar man shafawa, sannan a zuba a cikin garin. Gishirin ne ke taimakawa ta narke. Yankakkiyar tafarnuwa ba ta yi: gutsattsarin na huda kwaɓin idan an murza shi siriri, sannan duk wanda ya leƙo waje ya taɓa kasko sai ya ƙone ya bar ɗaci.

Kafin ruwa ya shiga, man gyaɗa babban cokali 2 ake murtsukewa cikin garin da yatsu. Wannan man shi ke sa ta kwana da laushinta. Sai kindirmo babban cokali 3, sannan ruwa kaɗan-kaɗan, bai wuce rabin kofi ba, wani lokaci ma ba ya kaiwa. Kwaɓin ya yi laushi amma kada ya kama hannu. Na rufe shi minti 20. Hutun nan ba na ado ba ne, dusar alkama ba ta shan ruwa da wuri, kuma kwaɓin da bai huta ba yana tsukewa ya dawo baya duk yadda aka murza shi. Wuce awa guda kuma sai ya saki, ya fara danƙo.

Na raba shi curi 12. Kowanne a barbaɗa masa gari kaɗan, a murza shi faɗin kamar santimita 15, siriri. Garin barbaɗawa idan ya yi yawa a kan kasko yake ƙonewa, ya bar baƙin toka a jikin ta gaba, don haka ina kakkaɓewa, ina kuma goge kaskon da tsumma lokaci-lokaci.

Inda akasari ake ɓata ta shi ne wuta. Kaskon ƙarfe mai kauri, ya yi zafi sosai kafin ta farko ta hau, wuta matsakaiciya zuwa sama. Bayan daƙiƙa 30 ƙananan ƙuraje za su taso, a juya, a shafa mai rabin ƙaramin cokali, a sake juyawa a shafa wa ɗaya gefen, a danna gefe-gefe da cokali mai faɗi har ɗigo-ɗigo masu launin ruwan ƙasa su fito. Duka-duka minti ɗaya da rabi. Mai tsoron ƙonewa ya rage wuta, ita kuwa ta daɗe a kai, ruwan jikinta ya ƙafe, ta fito ƙamas tana karyewa. A ganina gara ɗigo biyu su yi duhu da ta bushe.

Kowace ta sauka, kan 'yar'uwarta take hawa cikin kwano mai shimfiɗar tsumma, a rufe. Tururinsu ne ke ƙarasa laushin.

A Gujarat da yogot ake ci, ko da chhundo, wato gurzajjen ɗanyen mangwaro da aka haɗa da sukari da yaji, ko kuma da shayi. Da kindirmo mai sanyi muka ci tamu. Guzurin tafiya ce a wurinsu, tana yin kwana 2 zuwa 3 ba firji, in an yawaita mai aka rage ruwa a kwaɓin. Ragowar ta yau na baza su sun huce sarai kafin na sa a mazubi mai murfi, don wadda aka rufe da ɗumi gumi take yi, a zafin nan kuwa gobe da yamma ta fara tsami.