Abin da na kwasa a shekarar horo a sashen magunguna

Duk wanda ya yi shekarar horo a sashen magunguna na babban asibiti ya san littafin nan da ake miƙa mana ranar farko. Kowane shafi da abin da ake so ka iya: tantance takardar likita, haɗa maganin yara, zagayen ɗakunan marasa lafiya, yi wa majiyyaci bayani. Ƙa'idar ita ce zaman wata biyu a wuri ba ya sa a ce ka ƙware, sai wani babba ya tsaya a kanka ya ga ka yi da hannunka, sannan ya sa hannu. Da wannan shaida kake dosar hukumar PCN, mai kula da aikin harhaɗa magunguna a Najeriya, neman cikakkiyar rajista.

Ogan da aka haɗa ni da shi bai ɗauki littafin a bakin komai ba. Da ya lura lissafina ba ya kuskure, sai ya dasa ni a sito, ina ƙirga kwalaye, ina daidaita katin kaya da kuɗin asusun magunguna, aikin da shi ya kamata ya riƙa amsa tambaya a kansa. Lokacin zagayena ya zo ya wuce. Da na ce masa, "Ranka ya daɗe, shafin ɗakin yara har yanzu ba komai a ciki," sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, me kake ci na baka na zuba? Kawo shi ƙarshen wata in cike maka." Haka ya cike wa abokan horona, shafi bayan shafi, yana waya da ɗaya hannun. Wasunsu har godiya suka yi masa, kuma ban ga laifinsu ba.

Ni kuwa sai na koma satar jiki bayan la'asar zuwa wajen wata Hajiya da ke riƙe da kantin maganin ɓangaren yara. Ita ba ta san wasa ba. Takarda ta zo ta yaro mai kilo 14 da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, an lissafa masa allurar artesunate a kan miligiram 2.4 kowane kilo. Ta tura mini ta yi shiru. Na ce tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da na yaran da ba su kai kilo 20 ba zuwa miligiram 3, wato nasa 42 ne. Ta ce, "To ɗana, sani a baki ba ya shiga jijiya, je ka gaya wa likitan." Na je ƙafata na rawa, ya gyara ba gardama. Duk da haka ba ta sa mini hannu ranar ba, sai da ta ga na narkar da garin allurar da ruwan bicarbonate har ya washe, na tsarma shi, na rubuta lokutan awa 0, 12 da 24 yadda nas ɗin dare ba za ta ruɗe ba.

Sakamakon wannan satar jiki shi ne layin da Oga ya rubuta a rahotona na ƙarshe: wai ba na zama a wurin aikina. Yana nan a fayil. Waɗanda ba su taɓa leƙa ɗakin yara ba sun fita da "ya ƙware".

Sauran darussan gajeru ne. Mai shan maganin HIV na dolutegravir da aka ɗora wa rifampicin na tarin fuka yana buƙatar ƙarin miligiram 50 bayan awa 12, kuma sau da yawa kai kaɗai za ka lura. "Sau uku a rana" ba ya isa bayani, musamman da azumi; ka ɗaura shi da lokutan da mutum ya sani. Duk gyaran da kuka yi da likita ta waya, ka rubuta shi da suna da lokaci.

Masu shigowa bana, in an tura ku sito ku je, akwai abin koyo a can na mako biyu ko uku. Daga nan ku nemi jadawalin zagayenku a rubuce daga shugaban sashe, ku ajiye kwafi. Hajiya tana nan a ɓangaren yara har yanzu, kuma ta fi sakewa bayan la'asar.