Yaɓen da na koyo a Taos

Ni jikan magini ne, amma sai da karatu ya kai ni jihar New Mexico ta Amurka kafin na taɓa yaɓe da hannuna. A gida kakana ba ya barinmu kusa da kwaɓi, wai mu 'yan boko ne.

A watan Yuni wani abokin karatuna ya ja ni ƙauyensu, Ranchos de Taos, inda ake gayyar yaɓe majami'ar San Francisco de Asís duk shekara. Da Sifaniyanci suna kiran aikin enjarre. Ginin ƙasa ne da aka kammala wajen 1816, bayansa an tokare shi da manyan dunƙulen gini masu tumbi, ga azara, ga indararo. Da na tsaya gabansa sai na ji kamar ina wani lungu a birnin Zariya. Hatta sunan tubalinsu, adobe, asalinsa Larabci ne, aɗ-ɗub, ya biyo ta ƙasar Sifen. Na gaya musu ni Musulmi ne. Wani dattijo ya miƙo mini shebur kawai, ya nuna mini baro.

Ƙasa, yashi, yankakkiyar ciyawa da ruwa, kayan kwaɓin ke nan. Ranar farko na ɗauka ƙarfi ne aikin. Na dinga dumbuzo laka ina maka wa bango da kauri don in ci wuri da yawa. Washegari duk inda na taɓa ya tsattsage, wani wurin ma ya ɓamɓaro. Wata tsohuwa, wadda ta ce uwarta da kakarta duk masu yaɓe ne (a can tun asali aikin mata ne), ta kama hannuna ta ɗora a bangon.

"Ɗana, ka jiƙa shi tukuna. Busasshen bango ba ya karɓar baƙo."

Ta koya mini in kankare abin da ya saki, in yayyafa ruwa, in shafa siriri da tafin hannu, in bari ya sha iska kafin in ƙara. Daga ƙarshe a bi da ruwan laka, a goge da buzu har bangon ya yi santsi, ciyawar na ɗan ƙyalli a rana.

Ita ce ta ba ni labarin simintin. A can baya an gaji da wahalar kowace shekara, aka shafe majami'ar da siminti don a huta. Ruwa ya sami tsaga ya shiga, ya rasa hanyar fita, tubalin ya yi ta narkewa a ciki alhali waje na nan sumul. Dole aka ɓamɓare, aka sake gina inda ya lalace, aka koma gayya. Wannan ya tsaya mini a rai, don na san gidaje nawa a unguwarmu aka yi wa haka, ana murna an waye.

Ƙauyen yana cikin yankin tarihi na Arewacin Rio Grande, wanda majalisar dokokin Amurka ta ayyana a 2006, ya haɗa gundumomin Taos, Rio Arriba da Santa Fe. Na zaci ma'aikatan gwamnati zan tarar. Waɗanda na gani a kan tsani malaman makaranta ne, da manoma, da jikokin da suka zo hutu.

Kafin in tafi na ziyarci Taos Pueblo, garin 'yan asalin ƙasar, mai benayen ƙasa hawa-hawa, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1992. Cikin tsohon garin ba lantarki ba famfo, da gangan; ruwansu rafin da ke gangarowa daga tafkin Blue Lake ne, tafkin da suka yi shekara 64 suna neman a mayar musu, sai 1970 suka samu. A nan na yi kuskure na biyu: na ɗaga waya zan ɗauki wata mata a bakin tandunta ban nemi izini ba. Kallo ɗaya ta yi mini, na tuna gidan mutane na shigo, na ba ta haƙuri.

Daren nan na kira baffana, wanda ya riga ya sayi siminti buhu goma don soron kakanmu. Na roƙe shi ya dakata har in dawo bayan damina, ya kuma nemo mana wanda har yanzu ya iya haɗa makuba.