Na saki reshe na kama ganye: kakar wasan da na yi asara a Legas

Har yau idan na wuce ta gaban filin wasa na Agege sai gabana ya faɗi. Kuɗin da aka cinye mana na daɗe da barin su ga Allah. Abin da ya ƙi barina shi ne wata takarda da aka ajiye a gabana a shekarar 2018, aka miƙo mini biro, na ce a ba ni mako biyu in yi shawara.

A lokacin shekaruna 19, ina buga lamba tara, wato ɗan gaba, a wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta unguwarmu. Da asuba ina mayankar Oko-Oba ina taya Baba harkar shanu, da yamma ina fili. Ƙafar dama da kai duk ina ci da su, kuma ina da gudu. Kocinmu ya yi ta faɗi-tashi har ya samo mini gwaji a wata ƙungiya da ke rukuni na biyu na gasar Najeriya, can Arewa. Na je, na yi kwana goma, na ci ƙwallo huɗu a wasannin gwaji, suka ce sun ɗauke ni. Albashin ba wani abin a zo a gani ba ne, masaukin kuma ɗaki ɗaya ne mu shida. Amma za su yi mini rajista, sunana zai shiga takardar wasa.

Na dawo Legas da niyyar in shaida wa Baba in koma. A makon ne aka buga wasan Najeriya da Iceland a gasar cin kofin duniya ta Rasha, ranar Juma'a 22 ga watan Yuni. Gidan kallo ya cika har waje. Victor Moses ya kwaso ƙwallo daga dama, Ahmed Musa ya tare ta da ƙafa ɗaya, ya ɗirka ta a raga kafin ta zauna. Ta biyun kuwa ya tsere wa ɗan baya, ya yanke gola, ya zura. Muka haukace, benci ya karye, wani da ban sani ba ya rungume ni yana kuka. Na fito ina ji a jikina cewa ni ma wurina Turai ne, ba ɗakin mutum shida ba.

A bakin gidan kallon wani mutum ya tare ni. Ya san sunana, ya san ƙwallayen da na ci, har ya kwatanta mini wata da na ci da kai a wasan unguwa. Ya ce shi ejan ne, wato wakilin 'yan wasa, yana da hanya a Turkiyya. Da na gaya masa batun ƙungiyar Arewa sai ya riƙe baki, ya ce, "Ƙanina, kada ka sa hannu. Da zarar sun yi maka rajista sun ɗaure ka, Turawa ba sa son rigimar kuɗin saye." Wannan maganar ita ta kashe ni, domin ta yi daidai da abin da zuciyata ke son ji.

Koci ya yi mini magana har sau uku. Na ƙarshen ya same ni a gida bayan sallar Isha'i, ya ce, "Yarona, duk kulob ɗin da ke son ka da gaske shi zai kashe kuɗi a kanka, ba kai za ka biya ba. Ka je ka buga kaka ɗaya a gida a san da kai." Na ce, "Koci, na ji," amma a raina na ɗauka baƙin ciki yake yi, don ba shi da kaso a tafiyar. Allah ya yafe mini wannan zato.

Mutumin ya kawo takardar gayyata mai tambarin kulob, ya karɓi fasfo ɗina, ya fara karɓar kuɗi kashi-kashi: na biza, na inshora, na gwajin asibiti, na tikiti. Baba ya sayar da bijimai biyu. Inna ta kwashi adashinta ta ba ni ba tare da ta tambaye ni komai ba, sai addu'a. Kullum maganar ɗaya ce, mako mai zuwa. Na yi bankwana da dangi har sau biyu. Mako biyun da na roƙa a wajen ƙungiyar Arewa suka zama wata biyu, da na kira su daga baya sai sakatarensu ya ce sun ɗauki wani yaro. A wata na bakwai wayar ejan ta daina shiga. Wani ɗan acaɓa ne ya kawo mini fasfo ɗina a cikin leda, babu biza, babu ko alamar an kai shi ofishin jakadanci.

Ga inda na gane girman ɓarnar. Shekarar da ta biyo na sake zuwa gwaji a wurare uku, ɗaya a nan Surulere. Ko'ina tambayar farko ɗaya ce: a ina ka buga kakar da ta wuce, ƙwallo nawa ka ci? Ba ni da amsa. Na ci ƙwallaye da ba zan iya ƙirga su ba a Agege da Mile 12 da Idi-Araba, amma babu wanda ya rubuta su a ko'ina. Ɗan baya ko ɗan tsakiya zai iya burge koci da natsuwa da iya raba ƙwallo. Ɗan gaba kuwa lissafi ne ke sayar da shi. Ga shi wata bakwai ina lallaɓa jikina, ina gudun wasa mai zafi don kada in ji rauni kafin tafiya, har ƙiba ta kama ni, gudun nan da nake taƙama da shi ya ragu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, Ahmed Musan da na kalla na ruɗe, ban taɓa tsayawa na duba ta inda ya bi ba. Na ga Leicester, na ga CSKA Moscow, na ga ƙwallo biyun da ya ci Ajantina a 2014, ban ga Jos ba. A can ya fara, ya buga wa JUTH, sannan ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya fi kowa a gasar. Waɗannan ƙwallaye 18 su ne takardar gayyatarsa. Su suka kai shi VVV-Venlo ta Holan, kuma ko a nan sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoban 2010, saboda dokar FIFA ta hana ɗaukar yaro zuwa wata ƙasa kafin wannan shekarun. Daga Venlo ya wuce Rasha a 2012, ya ɗauki kofin Afirka da Super Eagles a 2013. Wato hanyar da aka ce mini ɗauri ce, ita ce wadda shi ya bi. Kuma bai raina ta ba, tunda ya dawo ya sake saka rigar Sai Masu Gida a 2021.

Ko Victor Osimhen, da ya tashi a Olusosun, nan kusa da jujin Ojota da nake wucewa idan zan je Mile 12, ba ejan bakin titi ne ya ɗaga shi ba. Ƙwallo 10 ya ci a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile a 2015, duniya tana kallo. Duk da haka ya je Wolfsburg bai ci ko ɗaya ba, sai da ya yarda ya sauko, ya tafi aro Charleroi ta Beljiyam inda zai riƙa buga wasa. Daga nan ne Lille, daga nan Napoli, har ya ci 26 a kakar da suka lashe gasar Serie A ta Italiya a 2023. Odion Ighalo na Ajegunle ma sai da ya buga wa Julius Berger kafin ya tafi Norway. Ni kaɗai na ga dama in tsallake matakalar farko.

Yanzu ina tare da Kawu a kasuwar Mile 12, muna harkar albasa, Alhamdulillahi ana samun rufin asiri. Asabar da Lahadi ina taya Koci horar da yara. Shi bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Ni ne nake tayar da ita, kusan duk mako, har yaran sun haddace. Ina gaya musu duk wanda ya ce kada ka yi rajista da kulob na gida don yana da wani babba a waje, ka tambaye shi lasisinsa, tunda daga 2023 FIFA ta ce sai ejan ya ci jarrabawa kafin ya yi wannan aiki. Kada ka ba kowa fasfo ɗinka. Takardar gayyata kuma a nemi adireshin kulob ɗin a shafinsu na intanet a tambaye su kai tsaye, abin da bai fi minti goma ba, wanda ni ban yi ba.

Watan jiya wani yaronmu, lamba tara mai ƙafar hagu, ya zo da mahaifinsa da wata takarda mai tambari, an ce su kawo kuɗin biza kafin Juma'a. Ina karantawa hannuna yana rawa, don har kalmomin irin na tawa ne. Na ce, "Baba, don Allah a ba ni kwana biyu." Muka aika wa kulob ɗin saƙo, suka amsa cewa ba su san da zancen ba. Mahaifin ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce ya riga ya sa babur ɗinsa a kasuwa. Yaron yanzu yana sansanin wata ƙungiya a Ikorodu, an yi masa rajista, ya buga wasa uku ya ci ɗaya. Na sayi littafi na musamman ina rubuta masa kowace ƙwallo da ranarta.