Talatar da Na Wuni a Gareji

Sati uku ke nan motar nan tana yi min kuka ina yi mata kunnen uwar shegu. Duk sanda na taka birki sai wani siririn ƙara ya taso daga tayar gaba ta hannun dama, ƙiiii, kamar ana wasa wuƙa a kan dutse. Maganin da na samo mata shi ne ƙara muryar rediyo. Uwargida ta yi magana sau biyu, na ce mata ƙura ce, ai kin san Kano. A na ukun ba ta ce uffan ba, kallona kawai ta yi ta gyara wa yarinya zama a cinyarta.

Yau da safe na sauke yara a makaranta, na biyo Zoo Road zan fita ta Dangi. Wani mai adaidaita sahu da ke gabana ya hango fasinja, ya ja ya tsaya cak, babu sigina babu komai, yadda dai suka saba. Na danna birki. Wannan karon ba siririn kukan nan na ji ba, gurnani ne, ƙarfe na cin ƙarfe, motar kuma ta fizga hagu. Da ta tsaya, tsakanina da bayan keken bai fi taƙi ɗaya ba. Mata biyu ne a ciki, ɗaya da jariri a kafaɗa. Mai keken bai ma san an yi ba, ya ɗauki fasinjansa ya ƙara gaba. Ni kuwa sai da na gangara gefe na yi ta maimaita innalillahi har ƙafata ta daina rawa.

Na kira wajen aiki na ce yau sai dai haƙuri. Daga nan na lallaɓa zuwa garejin da nake zuwa a wajen Gyaɗi-Gyaɗi, ina tafe kamar mai rakiyar amarya, na baya suna ta danna min hon.

Oga yana zaune a gindin darbejiya yana shan shayi. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Alhaji, tun daga bakin layi na jiyo ka. Wannan ba yau ta fara ba." Alhaji yake ce min duk da ban taɓa taka Makka ba, ni kuma na daina gyara masa. Na ce shekaranjiya ta fara. Ya yi murmushi ya ƙwala wa yaronsa kira ya kawo jek da wilsifana.

Yaron bai wuce shekara sha biyar ba, amma hannunsa ya san aiki. Ya kafa dutse a bayan tayar baya, ya sassauta notuna tun motar tana ƙasa, ya ɗaga ta, ya tura wani kututture a ƙarƙashinta. Da aka cire taya, Oga ya tsuguna ya kwance kalifa, wato abin nan da ke matse birki a jikin faifan. Ya zaro fad guda biyu, wato abubuwan da ke damƙe faifan da ke juyawa tare da taya idan an taka birki, ya ɗora min a tafin hannu. Na waje da sauran namansa. Na ciki kuwa babu komai, ƙarfe ne tsurarsa, ya yi sul yana ƙyalli, gefensa har ya yi shuɗi-shuɗi saboda zafi. Ya nuna min wani ɗan harshen ƙarfe a gefe, ya ce kamfani ne ya maƙala shi da gangan, don idan fad ya kusa ƙarewa ya riƙa gogar faifan yana kuka. Ashe abin da na yi sati uku ina rufewa da rediyo ke nan. Sabon fad kaurinsa wajen milimita 10 ne ko ya ɗan ɗara, kuma da ya sauko kusan 3 ake so a canza. Nawa ya wuce sifili ya fara cin bashi.

Na tambaye shi me ya sa ɗaya ya cinye ɗaya bai cinye ba. Ya kama wani fin da kalifar ke zamewa a kansa ya ja, ya ƙi motsi. Sai da ya haɗa da filaya da ɗan duka kafin ya fito, jawur da tsatsa. Robar da ke rufe shi ta yage, ruwan damina da ƙasa suka shiga suka cinye giris ɗin. Tunda kalifar ta kasa zamewa, gefe ɗaya ne ke ta aikin shi kaɗai.

Faifan ne ya fi ɓata min rai. Da ya huce na bi shi da farce, duk ya yi kwari-kwari kamar kunyar gona. Na ce a kai wa masu inji su goge shi. Oga ya kankare tsatsar gefensa ya nuna min rubutun da ke jiki, MIN TH da lamba a gabansa, iyakar sirantar da aka yarda faifan ya yi ke nan. Ya ce an taɓa goge wannan tun kafin motar ta zo hannuna, in aka sake zai zama faranti, zafi kaɗan ya lanƙwashe, in riƙa jin birki yana rawa a ƙafata. Kuma ba a canza gefe ɗaya, dama da hagu tare ake yi, in ba haka ba motar ta dinga ja gefe. Da na zo tun makon farko, fad kawai zan saya.

Ni da yaron muka nufi Ƙofar Ruwa. A adaidaita sahu, ba shakka. Duk tsayuwar da direban ya yi sai na ji na kasa kunne ina sauraron birkinsa.

A kasuwa mai shagon ya jero min kwalin fad uku a kan kanta, kusan kamarsu ɗaya. Ya ce, "Yallaɓai, na gaskiya kake so, ko mai bi masa, ko na lallaɓawa?" Na gaskiyar ya kusa ninka na lallaɓawar sau uku. Na yi ƙorafi, ya ce dala ce. Tun 2023 da aka cire tallafin mai aka saki naira, duk abin da ka taya a garin nan amsar ke nan, har mai tumatir. Yaron ya buɗe kwalayen, ya auna nauyinsu a hannu, ya ƙwanƙwasa su, ya duba inda aka manna naman da ƙarfen, ya raɗa min cewa mai arahar ko dai ya cinye cikin wata kaɗan ko ya cinye min faifai. Na tuna matar nan mai jariri, na biya na gaskiyar. Faifai biyu kuwa 'yan Baljiyam muka ɗauka, masu sauran kauri, sai robar fin, giris, da man birki gwangwani biyu da ba a fasa ba. DOT 3, wato nau'in man, ne rubuce a murfin tankin man birkin Corolla ɗina, shi na ce a ba ni.

Mun dawo ana kiran azahar. Bayan mun idar aka hau ɗauri. Da Oga ya matsa fistin ɗin kalifa ya koma ciki don sabon fad ya samu wuri, sai man birki ya yi ambaliya daga tankinsa a ƙarƙashin bonet. Ya ɗago ya dube ni. "Kana ƙara mata mai, ko?" Na ce eh, duk sanda na ga ya yi ƙasa. Ya ce in dai ba yoyo ake ba, man yana sauka ne don fad yana cinyewa, ni kuma ina cikawa ina ɓatar da shaida. Ya sa yaro ya sheƙa ruwa a wajen nan take, don man birki yana cin fenti.

Man da ya fito baƙi ne kamar shayi ba madara, alhali sabonsa garau yake kamar man gyaɗa. Tun da na sayi motar a 2019 ban taɓa juye shi ba, ban ma san ana juyewa ba. Ina zaune a benci na duba a waya: yana zuƙar danshi daga iska, sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 140. In ya tafasa ya zama tururi, ka taka birki ya tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Na karanta wa Oga, ya ce shi bai san digiri ba, amma ya sha ganin direban da ya ɗura ruwan omo a tankin birki ya kama hanyar Zariya da fasinja.

Wajen fitar da iska daga hanyoyin man birki ni aka sa a kujerar direba. Daga tayar baya ta dama aka faro, wadda ta fi nisa da masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi. Oga yana kwance a kan kwali yana ihu, "Taka! Taka! Taka! Riƙe!" In na riƙe sai ya buɗe ɗan bakin da man ke fita, in ji feda ta sulale ƙasa, ya ɗaure, ya ce saki. Haka muka zagaye taya huɗu, yaron yana tsaye da gwangwani kada tankin ya ƙafe. Cinyata har yanzu ciwo take. Birkin baya ganga ce ba faifai ba, takalman birkin da ke cikinta da sauran namansu, ƙura kawai aka kakkaɓe aka ɗan ɗaure hambirki.

Muka zagaya layi da shi sau biyu. Shiru kake ji. Ya ce kwana biyun nan in bi ta a hankali, ban da taka birki da ƙarfi in ba dole ba, sai sabon fad ya zauna a jikin faifai. A kan kuɗin aiki mun ɗan ja, ya rage min abin da bai taka kara ya karya ba, na damƙa wa yaron na shan rake.

Ana kiran magariba na shiga gida, rediyo a kashe tun daga gareji. Tsohon fad ɗin na taho da shi a leda, na ajiye a kan tebur na shiga alwala. Na fito na tarar da uwargida tana jujjuya shi a hannu a ƙarƙashin fitila.

Ta ce, "Baban yara, wannan ce ƙurar?"