Talata, gefen firij

Tun bayan sallar asuba na shiga ɗakin gwaji, saboda jiya da dare muka bar firijin hiliyam, wato na'urar da ke sanyaya samfuri da iskar hiliyam, zafinsa yana sauka. Na tarar ya kai ƙasa da Kelbin 1 (Kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga matuƙar sanyin da babu na ƙasa da shi), famfo yana ta gurnaninsa. A ciki akwai ɗan ƙanƙanin kiristal na Dy2Ti2O7, wato dutse mai haɗin sinadaran disforoziyam, taitaniyam da oksijin, bai kai ƙwayar masara ba, manne a kan farantin awo da ɗigon man shafawa. Aikina yau shi ne in ba shi ɗan zafi, in jira ya huce, in rubuta yawan zafin da ya sha kafin ya ɗumama.

Ƙarfe na yau da kullum ba ya wahalar da mutum. Da ya sauko ƙasa da digiri 770 na Selsiyas, ƙananan maganadisun zarrarsa sai su jeru fuska ɗaya, awon zafi ya nuna tsini mai kaifi a daidai wurin sauyin. Wannan dutsen nawa ba haka yake ba. Zarrar disforoziyam a cikinsa na zaune huɗu-huɗu a kusurwoyin dala, kowace maganadisunta ko dai ya kalli tsakiyar dalar ko ya ba ta baya. Babu jerin da zai gamsar da dukkan maƙwabta lokaci guda. Gaba kura, baya siyaki. Mafi sauƙin da suke samu shi ne biyu ciki, biyu waje, kuma a cikin hanyoyi 16 da huɗun za su iya zama, 6 ne suka cika wannan ƙa'ida. Ko wacce aka ɗauka daidai take da sauran, don haka ba su da dalilin tsayawa a kan guda.

Wajen azahar layin awon zafin ya fara fitowa a allon kwamfuta: babu tsini, sai tudu mai faɗi a kusa da Kelbin 1. Na san haka zai fito, tun 1999 Ramirez da abokan aikinsa suka gan shi, amma ganinsa daga samfurin da na manna da hannuna ya sa tsigar jikina ta tashi. Su ne suka tattara lissafin suka ga akwai entropi, wato ma'aunin rashin tsari, da bai fita ba duk da sanyin, kusan daidai da wanda Linus Pauling ya lissafa wa ƙanƙarar ruwa a 1935, wato kimanin jul 1.68 na makamashi a kowane mol (ma'aunin yawan zarra) na disforoziyam a kowane Kelbin. A ƙanƙara ma kowace zarrar oksijin tana da haidurojin biyu kusa, biyu nesa. Wallahi har yau wannan daidaito yana ba ni mamaki.

Da la'asar muka yi musu da abokiyar aikina. Ita tana so mu gajarta jira tsakanin awo da awo don hiliyam na ƙarewa, kuma tsadarsa ba wasa ba ce. Na ce mata a ƙasa da Kelbin 0.6 nan ne gaggawa ke yaudara, domin maganadisun suna yin nauyin jiki ƙwarai, kafin su daidaita sai an yi haƙuri. A 2013 masu bincike a Waterloo ta Kanada sun tsawaita jiran sosai, suka ga layin ya sake ɗagawa, alamar wataƙila dutsen yana neman jeruwa. Wasu da suka biyo baya ba su yarda da hakan ba. A ganina duk wanda ya auna nan da sauri, nauyin jikin dutsen kawai ya auna.

Mun daidaita a kan rage yawan awon a sama da Kelbin 0.6, mu ba na ƙasa da shi lokacinsu. Na saita kwamfuta ta ci gaba cikin dare, na cika tankin naitirojin, na tafi masallaci magariba. Gobe da safe za mu kunna filin maganadisu mu sake bin layin daga farko.