Kafin ka formate mashin ɗinka saboda wani sistem, tsaya tukuna

Jama'a barkanmu da war haka. Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana yawa a nan Damagaram, daga masu gyaran kwamfuta na wajen kasuwar Dole har ɗaliban jami'ar André Salifou: da mutum ya buƙaci wani sistem daban sai kawai a ce masa a formate. Ɗalibi an ce ya koyi Linux, a formate. Mai shagon fotokopi yana da tsohon sikana da ba ya tashi sai a Windows XP, a formate a mayar da mashin ɗin gaba ɗaya shekara ashirin baya. Alhali mashin guda na iya ɗaukar sistem biyu su yi aiki lokaci ɗaya, ɗaya a cikin taga kamar yadda kake buɗe Word, kuma kayan aikin kyauta ne.

Yadda abin yake shi ne, akwai manhajar da ke ƙirƙiro kwamfutar ƙarya a cikin ta gaskiya, da nata diski da nata RAM da nata katin rezo, sai ka ansitale sistem na biyu a ciki, shi kuwa bai ma san ba a kan ƙarfe yake zaune ba. Wanda ke kan mashin ɗin tun asali shi ne mai gida, na cikin tagar baƙo ne da aka ba ɗaki a zaure, yana ci daga tukunyar gidan amma ba ya shiga cikin gida sai an buɗe masa. Dukan diskin baƙon fishiye guda ne a wajen mai gida, kana iya kwafe shi a kile ka kai wani mashin, in ya gundure ka ka goge shi, shi ke nan.

To amma hanya biyu ce, kuma rashin rarrabe su shi ke sa mutane su gwada sau ɗaya su ce abin banza ne. Hanya ta farko kwaikwayo ne zalla, manhajar tana kwaikwayon furosesan wata na'ura daban, kowane umarni sai ta fassara shi zuwa wanda naka ya sani kafin a aiwatar. Duk yaron da ke buga ƙwallo a PPSSPP, manhajar da ke kwaikwayon na'urar wasa ta PSP, a wayarshi wannan yake yi ko bai sani ba, don PSP furosesan MIPS gare ta, wayar kuma ARM. Abin yana tafiya sumul ne saboda PSP ƙaramar na'ura ce, gudunta bai wuce megahaz 333 ba, wayar yanzu ta ninka ta nesa ba kusa ba. Babban gwanin wannan fanni shi ne QEMU, wanda wani Bafaranshe Fabrice Bellard ya fito da shi a 2003. Samarin da ke nuna Windows a wayar Android ta hanyar Limbo, QEMU ɗin ne a ƙarƙashi, kuma wallahi kafin ya gama tashi ka sha shayi zagaye na farko har an ɗora na biyu, na burga ne kawai ba na aiki ba.

Hanya ta biyu ita ce wadda ta shafe mu. In baƙo da mai gida duk furosesa iri ɗaya suke so, misali Windows da Ubuntu a kan Intel ko AMD, babu buƙatar fassara, sai a bar baƙon ya yi aiki kai tsaye a kan furosesan ana sa masa ido kawai. Intel ta saka wannan dabara cikin furosesanta a 2005 da sunan VT-x, AMD ta biyo a 2006 da AMD-V, don haka kusan duk HP da Dell da Lenovo na hannu da ake shigo mana da su daga Kano suna da ita. Matsalar ita ce sau da yawa a kashe take a BIOS, wato saitin mashin da ake shiga kafin sistem ya tashi. Ka sake tada mashin, a HP yawanci F10 ne, a Dell F2, ka nemi inda aka rubuta maganar VT ka kunna. VirtualBox, ɗaya daga cikin manhajojin da ke wannan aiki, tun daga 6.1 ba ya ma yarda ya tada baƙo in ba a kunna ta ba, to in ka ga ya ƙi kar ka zargi CD ko ISO ɗinka, wato fishiyen da ake ansitale sistem da shi.

Ni VirtualBox nake ba mutane shawara, ba don ya fi kowa gudu ba sai don sauƙi, yana da Faransanci kuma telesharje shi bai kai mega 200 ba. Wani kamfanin Jamus, Innotek, ya sake shi a 2007, kamfanin Sun ya saye su a 2008, Oracle kuma ta haɗiye Sun a 2010. VMware Workstation ma ya zama kyauta tun 2024 bayan Broadcom ta sayi kamfanin, yana da kyau sosai, sai dai sai ka buɗe kont kafin ka samo shi kuma da irin rezonmu wannan kaɗai aiki ne.

Yanzu maganar da ba a so a ji, RAM. Duk abin da ka ba baƙo daga bakin mai gida ka cire shi. Mashin mai giga 4 da Windows 10 a kai, shi kanshi Windows ɗin ya lashe kusan rabi tun ba ka buɗe komai ba, in ka ce za ka yanka giga 2 ka ba Ubuntu sai duka biyun su tsaya suna kallonka, linzami ya daina motsi fanka ta hau kuka. Da giga 8 abin ya fara daɗi, in kuma akwai SSD maimakon tsohon diski mai juyawa to ka huta. Amma XP daban ne, an yi shi a 2001 lokacin da mega 128 ya ishe shi, ka ba shi mega 512 sai ya riƙa tashi kamar walƙiya ko a mashin mai giga 4. Shi ya sa nake cewa mai tsohon sikana ko tsohuwar manhajar lissafin kaya shi ya fi kowa cin ribar wannan abu. Ka jona sikanan, ka shiga Périphériques a saman tagar baƙon ka zaɓi USB ka miƙa shi ga baƙon, XP ya gan shi kamar a jikinshi aka jona. Ka bar saitin a USB 2.0 don XP bai san na 3 ba. In na'urar mai tsohon faffaɗan soket ɗin nan ce ta firinta, nan kam akwai wahala, ban cika ba mutum ƙwarin gwiwa ba.

Sharaɗi ɗaya da ba na sassautawa: XP ɗin nan kar ya ga intanet. Microsoft ta daina yi masa gyara tun Afrilun 2014, Windows 7 ma tun Janairun 2020, kuma wanda ya tuna birus ɗin WannaCry na 2017 ya san abin da rashin gyara ke jawowa. Ka shiga saitin Réseau ka cire katin gaba ɗaya, fishiyoyi kuma ku riƙa musayarsu ta dosiye guda da ka ware, wanda sai ka ansitale ƙarin manhajar VirtualBox mai suna Guest Additions a cikin baƙon yake aiki. Kuma ka sani birus ɗin kile da ke yawo a sibar-sibar ɗinmu yana iya bin wannan dosiyen ya ƙetaro, don haka kar ka raba masa dukan diski C wai don sauƙi.

Ga ɗalibai kuwa abin da ya fi komai daɗi shi ne Instantané. Ka gama ansitale Linux komai lafiya, ka ɗauki hoton halin da yake ciki, daga nan ka yi ta ɓarna son ranka, ka goge abin da bai kamata ba ka rikita saitin rezo, in ya mutu ka koma hoton cikin ɗan lokaci kamar ba a yi ba. Tsoron lalata mashin shi ke hana yawancinmu taɓa taminal, a nan kuwa babu abin tsoro. Sai dai ISO na Ubuntu 24.04 ya kusa giga 6, kar kowa ya ƙona forfe ɗinshi, mutum ɗaya ya sauke a zagaya da kile. Mai ƙaramin mashin ya nemi Lubuntu ko Xubuntu. Wajen ansitalewa ka kula da zaɓin kilabiye, mu nan AZERTY da QWERTY a cakuɗe suke, in ka zaɓi wanda ba naka ba kalmar sirrin da ka buga ba ita za ta zauna ba, harafin A ya koma Q, sai ka tsaya a ƙofa kana rantsuwa daidai ka rubuta.

In ka ga ɗan kunkuru kore a ƙasan tagar VirtualBox, Hyper-V, wato irin wannan manhajar ta Windows kanshi, shi ne ya riga shi kama VT-x, shi ya sa komai ke jan ƙafa, sai ka kashe shi. Masu sabon Mac na M1 zuwa sama kuma ARM gare su, XP ba zai tashi ba sai ta kwaikwayo da manhajar UTM, a hankali.

Sai zafi da ɗaukewar wuta. A watan Afrilu da Mayu da ake wuce digiri 40, sistem biyu a mashin ɗaya wuta ce a kan wuta, ka sa a busa maka ƙurar fanka kuma kar ka ɗora shi a katifa. In batirinka ya mutu kuma aka ɗauke wuta baƙon na tsakiyar rubutu, fishiyen diskin nan guda na iya lalacewa da duk abin da ke ciki. Ka kashe baƙon tukuna sannan ka kwafi dosiyenshi gaba ɗaya zuwa wani diski na waje, ko da sau ɗaya a sati ne.